Tambaya da Amsa: In Biya Kuɗi In Je Koyarwa a Ƙasar Waje?

Tambaya: Ni malamar firamare ce. Wani kamfani ya ce in biya kuɗi, ya kai ni wata ƙasa in koyar da 'ya'yan talakawa na mako biyu, aikin sa kai. Raina ya biya sosai. In tafi?

Amsa: Malama, Allah Ya saka miki da alheri. Sai dai mako biyun nan ne ya tsaya mini a rai. Kafin yara su riƙe sunanki kin haɗa kaya, malaminsu ya dawo ya tarar an tsallake masa darussa. Shi ya sa Peace Corps, hukumar tura masu aikin sa kai ƙasashen waje, wadda Shugaba Kennedy ya kafa a Amurka a 1961, ke ajiye mutanenta shekara biyu, bayan ta koya musu harshen wurin. Ita kuwa VSO, ƙungiyar masu aikin sa kai ta Ingila, da ke aiki tun 1958, ƙwararru irinki take nema, har alawus tana ba su.

A ganina, inda za ki fi amfani shi ne kusa da malamin ajin. Ku zauna ku raba yara gwargwadon karatunsu: masu gane harafi nan, masu haɗa kalma can. Ku yanka kwali ku rubuta baƙaƙe, ki nuna masa yadda yaro ɗaya zai ja wa biyar baƙi. Wannan zai ci gaba bayan tafiyarki.

Ki tambayi kamfanin: makarantar ce ta nemi malama? Nawa ke isa gare ta cikin kuɗinki? In ba su binciki halinki ba kafin su damƙa miki yara, ki janye.