Tafiya mai nisa da yara a mota: wane wasa zan yi musu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Yarana uku, mai shekara 7, mai 4 da ƙaramar mai shekara 2. Duk hutu muna tasowa daga Kano zuwa Abuja wajen kakarsu, babansu ke tuƙi. Kafin mu kai Zariya an fara kuka da faɗa. Idan na ba su waya su yi shiru, sai na tsakiyan ya yi amai. Me zan yi musu? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya raya mana su. Tafiyar nan ta haura kilomita 400, ko babba sai ya ƙosa, balle yaron da ƙafarsa ba ta saba zama wuri ɗaya ba. Kukan nasu ba rashin tarbiyya ba ne, gajiya ce.

Bari mu fara da aman, don shi zai nuna miki irin wasan da ya dace. Can cikin kunne akwai wani sashe da ke jin motsin jiki. Idan yaro ya sunkuyar da kai kan waya, idonsa na gaya wa ƙwaƙwalwa a zaune ake cak, kunnen kuma na cewa ana gudu, ana kwana, ana faɗawa rami. Wannan saɓanin ke kawo jiri da tashin zuciya, kuma ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12. Littafi da abin zane ma haka suke yi. Ga kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019, cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallon allonsa ya wuce awa ɗaya a yini. Saboda haka wasan mota na baki ne da ido, kai a ɗage, ana kallon waje.

Wanda na fi so, kuma na ga amfaninsa a aji da cikin mota, shi ne kacici-kacici. Kin san ƙa'idarsa tun muna yara: wanda ya kasa amsa sai ya ba da gari. To ga garuruwa nan jere a gabanku. Ki ce, "Baba na ɗaka, gemu na waje." Idan sun kasa, su ba ki Kura, ki karɓa ki ce kin ci shinkafarta, sannan ki faɗa musu wuta ce da hayaƙi. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," tsintsiya ke nan, a ba ki Kwanar Dangora. Da kun iso garin da wani ya ci, a sanar cewa an shigo garin wane, a gaishe shi a matsayin mai gari. Yaro mai shekara 4 zai zuba ido a hanya yana jiran nasa garin, kuma wannan zuba idon shi ne maganin jirin. Ki bar babban ya ƙirƙiro nasa kacici-kacicin ko da bai tsaru ba, ki yi kamar kin sha wuya kafin ki gano.

Wannan kuma yana magance tambayar nan ta "Mama, mun kusa?" Ƙaramin yaro bai san tsawon awa uku ba, amma ya san ƙirga. Tun a gida ki jera masa: Kura, Kwanar Dangora, Tashar Yari, Zariya, Jaji, Kaduna, Kateri, Jere, Tafa, sai Dutsen Zuma. Guda goma, daidai yatsun hannu. Kowane aka wuce a lanƙwashe yatsa ɗaya. Ki gaya musu wanda ya fara hango dutsen shi zai fara gaida Kaka.

Sai lambar mota. A Najeriya rubutun lambar motar gida shuɗi ne, na haya ja, na gwamnati kore. Mai shekara 4 ko bai iya karatu ba ya san launi, sai ya riƙe ja, yayansa ya riƙe kore, a ga wa zai fara kai goma. Babban kuma ki nuna masa cewa haruffa ukun da ke jikin lambar na ƙaramar hukuma ne: FGE Fagge, DAL Dala, ZAR Zariya, KUJ Kuje. Haka za a iya ƙirga tankar mai, garken shanu ko masallatai a gefen titi. Abu ɗaya: babansu kada ya shiga wasan kallo, idonsa na kan titi. Ya yi alƙalanci da baki.

Idan rana ta take, jiki ya yi sanyi, lokacin tatsuniya ne. Na san an ce ba a yin ta da rana, amma ni ina ganin tafiya uzuri ce. "Ga ta nan, ga ta nanku," ki ɗauko Gizo da Ƙoƙi, ki tsaya a tsakiya ki tambaye su me Gizo zai yi. Idan kuma rigima ta kunno kai, karya harshe na kashe ta nan take. Ki sa su maimaita "da kwaɗo da ƙato suka tafi neman ƙoto" da sauri sau biyar, dariya za ta kore faɗan.

Ƙaramar ba ta kai waɗannan ba. Nata shi ne waƙa da tafi, kukan dabbobi, "ina hancinki, ina kunnenki", da leƙe ta bayan mayafi. Ki zauna a baya kusa da ita, ki kuma daidaita tashinku da lokacin barcinta. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 a baya suke zama, ɗaure da bel, ita kuma in da hali a kujerar yara. Kada wani wasa ya sa a kwance bel ko a fitar da hannu ta taga.

Kada ki zazzage wasannin duka kafin Chiromawa, tun ba ku yi nisa da Kano ba. Minti goma sha biyar na wasa, sai a bar su su yi shiru su kalli gonaki, idan ƙorafi ya taso ki fito da na gaba. Duk bayan kamar awa biyu a tsaya a wuri mai jama'a, su sauka su yi fitsari su ɗan zagaya. Gyaɗa, aya da alewa mai tauri ki ajiye su sai an tsaya, don suna shaƙe ƙananan yara idan mota ta yi tsalle. Shi mai aman ki ba shi abinci mara maiƙo kafin tashi, ki zaunar da shi a tsakiya inda zai riƙa hango titi ta gilashin gaba, a ɗan sauke taga iska ta shigo. Idan duk da haka aman bai bari ba, ki kai shi wajen likita kafin tafiya ta gaba, kada ki saya masa maganin jiri a kemis da kanki.