Ga 'yar'uwar da aka ce a sa mahaifinta a hospis a Amurka

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Baba sauƙi. Kin ce likita ya shaida muku kemo, wato maganin ciwon daji, ta daina yi masa aiki, ya kawo maganar hospis, wato kulawar rage wa mara lafiya wahala idan ba a sa ran warkewa, ke kuma kina tsoron kada ya zama kun sallama shi, sannan ba ki san ko a gida ake yi ba ko sai an kwantar da shi. Mun bi ta nan da Hajiyarmu, ita dajin hanji ne, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Ranar da aka fara faɗa mana, ji na yi kamar an ce mu je mu haƙa kabari. Yayanmu daga Kano har cewa ya yi a waya, "Likitan nan Allah ne da zai yanka mata wata shida?" To wata shidan nan ƙa'idar biyan kuɗi ce ta Medicare, inshorar lafiyar gwamnatin Amurka da tsofaffi ke ciki. Likitan hospis da likitan mara lafiya na asali su ke sa hannu cewa in ciwon ya tafi yadda ya saba, ba a sa ran a wuce wata shida. Ana ba da kwana 90, a ƙara 90, daga nan sai 60-60 ba iyaka, muddin likita ya sake dubawa. Wasu na haura shekara, wasu ma sallamarsu ake yi don sun farfaɗo.

Shigar ba wuya. Likita ya tura sunan, ko ke da kanki ki buga wa wanda kika zaɓa, don ba dole sai wanda asibiti ya miƙo ba. Nas za ta zo ta zauna da ku. Takardar da Baba zai sa wa hannu, ko wakilinsa in ba ya cikin hayyacinsa, cewa take an bar neman warkar da wannan ciwon, an koma ga rage masa azaba. In ya canza shawara gobe, yana iya janyewa ya koma kan magani. Ita kuwa takardar "kada a danna ƙirji in zuciya ta tsaya" daban take, Medicare ba ta sharɗanta ta ba. Mu sai da muka zauna da limaminmu kafin Hajiya ta amince da ita.

Washegarin shigarmu hospis mota ta kawo gadon asibiti, da na'urar oksijin, da kujerar bahaya, muka ture kujerun falo. Aka ba mu ɗan kwalin magani aka ce a ajiye a firiji, da lambar da ake ɗauka dare da rana.

Ga abin da na so a ce an gaya mini tun farko: hospis na gida ba ya ɗauke muku jinya. Nas ɗinmu sau biyu take zuwa a mako, ba ta cika awa guda ba. Mai taimakon wanka ta zo sau uku. Sauran dare da ranar namu ne, ni da ƙanwata: juya ta duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo, canza ƙunzugu, rubuta lokacin kowane magani a wani littafin makarantar yarana. In ke kaɗai ce kuma kina fita aiki, faɗa musu gaskiya tun a zaman farko. Ki kuma roƙi namiji ya riƙa yi wa Baba wanka, kin san dattawanmu da kunya.

Kuskurenmu a kan mofin ne, maganin kashe zafi mai ƙarfi. Wata baƙuwa ta ce shi ke ƙarasa mutum, kuma zai hana ta kalmar shahada. Kwana biyu muna ɓoye kwalbar, Hajiya na damƙe zanen gado tana nishi. Da nas ta gane ba ta yi faɗa ba, ta nuna mini ɗan ɗigon da ake zubawa a gefen kunci da sirinji mara allura. Bayan zafin ya lafa ne ma Hajiya ta iya jan carbinta. Haka abinci: mun yi ta ɗura mata kunu tana ƙwarewa, sai daga baya muka yarda jikin ne ya daina karɓa, muka koma jiƙa mata leɓe da zamzam.

Kwantarwa kuwa, akasari ta ɗan lokaci ce. In zafi ko numfashi ya fi ƙarfin gida, sai a kai shi sashensu har a shawo kan abin. Akwai kuma ta hutun masu jinya, har kwana 5 a jere. Amma in gidan tsofaffi kuke so ya zauna dindindin, Medicare ba ta biyan kuɗin ɗaki da abinci. In kuma Baba ziyara ya zo, ba shi da Medicare ke nan, sai ki nemi jami'ar walwalar asibitin ta haɗa ki da hospis mai asusun taimako.

Magana ta ƙarshe mai nauyi ce, ki yi haƙuri. Ku yi magana da masu jana'iza na masallacinku tun yanzu, ku ba hospis lambarsu. In lokaci ya yi, hospis ake kira, ba lambar gaggawa ta 911 ba, don masu motar gaggawa na iya hawa danna ƙirji su kwashe shi zuwa asibiti. Hajiya ta cika gab da asuba, nas ta zo ta tabbatar, washegari aka yi mata sutura. Kwana 26 ta yi a hospis, bayan mun ɓata wata biyu muna zarya asibiti muna gardama a tsakaninmu. Har yau ina jin zafin wata biyun nan.