Tambayoyin Masu Karatu: Mai Ƙofa Biyu ko Mai Ƙofa Huɗu, da Cinikin Hayar Mota a Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a birnin Houston na jihar Texas tare da uwargida da ɗanmu mai shekara biyu. Motar da nake hawa ta gaji, kuma Allah Ya hore mini abin da zan canza ta da wadda ta fi ta daraja. Na je wurin wani dilan motoci, ya nuna mini BMW guda biyu, 3 Series mai ƙofa huɗu da 4 Series mai ƙofa biyu, ya kuma ba ni shawarar in karɓi ɗaya haya ta wata 36 maimakon in saya. Raina ya kwanta da mai ƙofa biyun, uwargida kuwa ta kafe sai mai huɗu. Abin da dilan ya riƙa nanatawa shi ne in faɗa masa nawa zan iya biya a wata, shi zai daidaita sauran. Wacce zan ɗauka, kuma yaya ake cinikin irin wannan haya ba tare da an ƙware ni ba? Sannan ina da burin tura motar gida Kano idan wa'adin ya cika. Shin hakan zai yiwu? Daga wani mai karatu a Houston.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ƙara buɗi, Ya sa a hau lafiya. A kan tambayarka ta farko ina bayan uwargida, kuma ba don neman sulhu a tsakaninku na faɗi haka ba.

Motocin nan biyu 'yan gida ɗaya ne. Har zuwa shekarar 2013 mai ƙofa biyun ma sunan 3 Series take ɗauke da shi, sai daga baya kamfanin ya ware ta ya ba ta lamba 4. Injin da ke cikin 330i shi ne a cikin 430i, mai lita 2 da silinda huɗu, haka kuma M340i da M440i suna tarayya a inji mai lita 3 da silinda shida. Saboda haka ƙarin kuɗin da za ka biya a kan mai ƙofa biyu, wanda yakan kai dala dubu kaɗan, kuɗin siffa ne, wato rufi mai gangarowa da jiki mai ƙasa-ƙasa, domin ƙarfi da gudu kusan ɗaya ne. Siffar kuwa tana da kyau, ba na musun wannan, kuma da kai kaɗai ne ko kuma akwai wata babbar mota a gidan da iyali ke amfani da ita, da ban hana ka ba.

Amma ka dubi yadda rayuwarka za ta kasance da ita. Dokar Texas ta wajabta a ɗaure yaron da bai kai shekara 8 ba a kujerarsa ta musamman, sai dai in tsawonsa ya wuce ƙafa 4 da inci 9, wanda ke nufin ɗanka zai kasance a wannan kujera tun daga ranar da ka karɓi motar har ranar da za ka mayar da ita. A mota mai ƙofa biyu, duk fita sai an kwantar da kujerar gaba an tura ta, sannan mai ɗaure yaron ya sunkuya ya cusa rabin jikinsa ciki yana laluben maɗauri, da yaro a hannu, a zafin Houston na watan Agusta. Ƙofofin kuma dogaye ne masu nauyi, idan wani ya ajiye motarsa kusa da taka a bakin kanti ba za su buɗu sosai ba. Wurin zaman baya na mutum biyu ne kacal, kuma ranar da surukarka ko wani dattijo ya zo daga gida, ko ranar Juma'a da za ka rage wa mai babbar riga da hula hanya, a nan za ka ji kunyar da ba ka saya da kuɗinka ba. Idan har siffar ce ta tsaya maka a rai, ka nemi a nuna maka 4 Series Gran Coupe, wadda ke da rufi mai gangarowa amma ƙofa huɗu gare ta. Kasuwar ma kanta tana janyewa daga masu ƙofa biyu: a 2023 Mercedes-Benz ya haɗe masu ƙofa biyu na C-Class da E-Class ya mayar da su mota ɗaya mai suna CLE, sabuwar Audi A5 kuma ba ta da mai ƙofa biyu sam.

Abin da ya sa na tsananta a nan shi ne, wanda ya sayi mota yana iya sayar da ita ranar da ta ishe shi, amma mai haya ya ɗaure kansa wata 36, kuma fita kafin wa'adi yana da tsada ƙwarai, sai fa in kamfanin ya yarda a miƙa hayar ga wani kuma aka sami mai karɓa.

Yanzu ga cinikin, wanda shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Tambayar da dilan yake nanata maka, kada ka amsa ta. Kuɗin wata ba farashi ba ne, sakamakon lissafi ne da ke fitowa daga lambobi huɗu, kuma wanda ya san iya abin da za ka iya biya yana iya murɗa kowace daga cikinsu har lissafin ya sauka daidai inda ka faɗa, ribar da ya kamata ta zama rangwamenka ta koma aljihunsa. Lambobin su ne farashin da aka sallama motar a kai, da darajar da aka ƙiyasta za ta rage mata idan wa'adi ya cika, da ma'aunin kuɗin ruwa, da kuma yawan watanni tare da tafiyar da aka yarje maka.

Bari in kawo misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi kawai. A ce farashin da kamfani ya liƙa a gilashin motar dala 55,000 ne, kuma an ƙiyasta bayan wata 36 darajar da za ta rage mata ita ce kashi 58 cikin 100 na wannan farashi, wato dala 31,900. Idan ka yi ciniki aka sallama maka a 51,000, abin da motar za ta zubar na daraja a hannunka shi ne 19,100, a raba shi gida 36 ya zama kimanin dala 531 a wata. Kuɗin ruwa kuma ana samun sa ne ta haɗa 51,000 da 31,900 a ninka da wata ƙaramar lamba mai kama da 0.0025, wanda zai ba da kimanin dala 207. Jimla dala 738 ke nan kafin haraji. Da ba ka yi ciniki ba ka karɓa a 55,000, da kuɗin watanka ya kai kimanin dala 859, bambancin da ya haura dala 4,300 a shekara uku. Mutane da yawa suna zaton ba a taya motar haya tunda ba saye ake yi ba, alhali ana taya ta kamar yadda ake taya ta sayarwa, kuma a nan ne mafi yawan rangwamen yake.

Darajar da za ta rage ba a cinikinta, domin kamfanin bashin da ke mallakar motar ne ke yanke ta, dila ba shi da hannu. Duk da haka ka tambayi adadinta a kan kowace daga cikin motocin biyu, saboda ba lallai su zo ɗaya ba, kuma a misalinmu kowane kashi ɗaya da ya ragu yana ƙara maka kimanin dala 14 a wata. Ƙaramar lambar nan ta ruwa kuwa ita ce inda aka fi yi wa baƙo wayo, domin ba ta da kamannin abin tsoro. Ka ninka ta da 2,400 za ka ga ruwan da take nufi a shekara, wato 0.0025 daidai take da kashi 6 cikin 100. Kamfanin bashi yana ba dila lamba ta asali gwargwadon makin amincinka wajen biyan bashi, dila kuma yana da damar ɗora wani abu a kai ya zama la'adarsa. Idan ya mayar da 0.0025 ta koma 0.0029, ido ba zai ga wani bambanci ba, amma a misalinmu kusan dala 1,200 ce ta tafi. Ka ce a faɗa maka lambar asali, kuma ita kake so a rubuta.

Tunda maganar ruwa ta shigo, idan kana son jin hukuncin shari'a a kan wannan mu'amala, ka kai wa malamin da ka amince da shi kwafin yarjejeniyar kanta, ka nuna masa cewa mallakar motar tana hannun kamfani, amma inshora da asarar haɗari da tarar jinkirin biya duk a wuyanka suke, domin waɗannan su ne wuraren da malamai ke dubawa idan suna gwada ta da ijara, wato hayar da shari'a ta tsara.

Akwai abin da ya keɓanci jiharku. A yawancin jihohin Amurka harajin motar haya a kan kuɗin wata ake ɗora shi, amma Texas tana karɓar kashi 6.25 cikin 100 na farashin motar gaba ɗaya, ko da yake rabin darajarta ma ba za ka ci ba. A kan dala 51,000 wannan ya kusa dala 3,190, kuma a cikin hayar za a cusa maka shi. Wani lokaci kamfanonin bashi suna da rangwamen haraji da suke bayarwa a kan wasu motoci a Texas, don haka ka tambaya kafin ka yanke wadda za ka ɗauka, saboda rangwamen yana iya faɗawa kan ɗaya ban da ɗayar.

Batun tafiya ma kada ka yi wa kanka ƙarya don kuɗin wata ya yi sauƙi. Ana bayar da mil 10,000 ko 12,000 ko 15,000 a shekara, kuma Houston gari ne mai faɗi wanda zuwa aiki da dawowa kaɗai ke cin hanya, balle a ce ana leƙa 'yan'uwa a Dallas. Ka duba abin da tsohuwar motarka ta ci a bara ka gina a kansa. Abin da ya haura ana biyansa ne da mil, a manyan motoci sau da yawa senti 25 ko fiye, ta yadda rarar mil 5,000 za ta zama dala 1,250 a ranar mayarwa, kuma sayen ƙarin tun farko ya fi araha.

Dila zai kuma kwaɗaita maka ba da kafin alƙalami mai tsoka don kuɗin wata ya sauka. Ni ban ga hikimar hakan ba. Idan aka sace motar ko ta yi haɗarin da ba ta gyaruwa a wata na uku, inshora kamfanin da ya mallake ta za ta biya, kuɗin da ka zuba a farko kuwa da wuya su dawo hannunka. Gara ka biya na watan farko da kuɗin rajista da na buɗe yarjejeniya, sauran ka bar su a asusunka. Ka tabbatar kuma akwai inshorar cike giɓi, wadda ke biyan bambancin da ke tsakanin abin da inshora ta ƙiyasta da abin da kamfani ke binka, ka kuma nemi farashin inshorar kowace mota daga kamfaninka kafin ka sa hannu, domin mai ƙofa biyu takan ɗan fi tsada.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka yi cinikin daga gida. Ka aika wa dilolin BMW uku ko huɗu na Houston da kewaye saƙon imel, ka faɗi ainihin motar da watanni da mil ɗin da kake so, ka ce kowa ya rubuto maka farashin sallamawa da lambar ruwa da dukkan kuɗaɗen da za a ƙara, sannan ka nuna wa kowa tayin da ya fi nasa. Ƙarshen wata ya fi dacewa, lokacin da suke neman cika adadin da aka ɗora musu. Tsohuwar motarka kuma ka yi cinikinta daban bayan an gama na sabuwar, kada a cakuɗa su. Dokar tarayya ta hayar kayan masarufi ta 1976 ta tilasta a rubuta maka farashin da aka gina hayar a kai, da darajar ƙarshe, da jimlar kuɗin haya, da hukuncin fita kafin wa'adi, don haka neman ganin waɗannan haƙƙinka ne. A ɗakin sa hannu za a bijiro maka da ƙarin garanti da maganin kare fenti da makamantansu. Garantin BMW na sabuwar mota shekara 4 ne ko mil 50,000, ya riga ya rufe wa'adin hayarka, saboda haka ba ka buƙatar ƙari. Abin da ya cancanci ka tsaya ka auna shi ne kariyar taya da ƙwarzane, tunda za a duba motar ranar mayarwa a caje ka kuɗin lotsewa da tayoyin da suka cinye, ban da kuɗin karɓar mota da akan cire a ƙarshe.

Tura ta Kano kuwa ba zai yiwu ba bisa ra'ayin kanka muddin tana matsayin haya, domin takardar mallaka tana hannun kamfanin bashi, kuma kwastam na Amurka ba ya barin mota ta hau jirgin ruwa sai an gabatar da takardar mallaka ta asali aƙalla awa 72 kafin fitarwa, tare da rubutaccen izinin mai ita idan ta haya ce ko akwai bashi a kanta. Mafita ita ce ka saye ta idan wa'adi ya cika a kan darajar da aka rubuta tun farko, wato 31,900 a misalinmu, tare da kuɗin da ke biye da sayen, a mayar da takarda sunanka, sannan ka nemi jirgi zuwa Legas ka tanadi kuɗin fito. Idan ka haɗa wannan da abin da ka biya a shekara uku, sau da yawa za ka tarar ya zarce abin da za ka kashe da tun farko saye ka yi. Saboda haka in niyyar kai ta gida tabbatacciya ce, ka sa dilan ya buga maka lissafin saye kusa da na haya a takarda ɗaya ka gwada su. Kuma a wannan ma mai ƙofa huɗun ce ta fi dacewa, domin ta fi samun mai saye a kasuwar gida, kuma motar da aka kai Kano ba ta rasa fasinjan kujerar baya.