Tambayoyinku Kan Fasaha: Yadda Ɗalibi Zai Ƙirƙiri Salon Haruffansa Na Rubuta Take

Tambayoyi uku da suka iso mana a wannan makon duk a kan magana ɗaya suke, wato ƙirƙirar sabon salon haruffa da kwamfuta za ta iya bugawa, don haka muka haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Daura, ina karatun zane-zane. Malaminmu ya ce kowa ya ƙirƙiri nasa salon haruffa na rubuta take, irin wanda ake sawa a fosta da bangon littafi, kuma a gama cikin zango ɗaya. Ina so in ɗauko siffar haruffan daga zankwaye da zanen gidajen ƙasa na cikin garinmu. Tsohuwar kwamfuta gare ni mai Windows, kuma ba ni da kuɗin sayen manhaja. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikis salam, ƙanwata. Malaminku ya sauƙaƙa muku da ya ce haruffan take, domin haruffan da ake buga jikin littafi da su ana so ne mai karatu ya manta da su yana karanta shafi bayan shafi, kuma kai wa wannan matsayi yana cin shekaru, alhali haruffan take aikinsu su ja ido a kalmomi huɗu ko biyar, saboda haka suna ɗaukar ado da ƙarfin hali. Sai dai adon shi ne tarkon da ɗalibai suka fi faɗawa. Idan kika ɗora zanko a kan kowane harafi, kika cika cikin O da dagi, kika kuma zagaye gefuna da zanen bango, abin da zai fito hoto ne, mai wucewa a kan babur ba zai iya karanta shi ba. Shawarata ki zaɓi siffa ɗaya tak, misali yadda zanko yake da faɗi a gindi yana tsukewa zuwa sama, ki mayar da ita doka ga kowane sandan harafi da ke tsaye, sannan ki bar sauran adon a jikin bango inda magina suka sa shi.

Kada ki taɓa kwamfuta a makon farko. Ki je ki ɗauko hotunan gine-ginen, ki zauna da takarda da fensir, ki fara da haruffa huɗu: H da O a manyan baƙaƙe, n da o a ƙanana. Masu wannan sana'a da su suke farawa saboda H tana yanke kaurin sanda da tsayin manyan baƙaƙe, O tana yanke yanayin zagaye, n kuwa daga jikinta ake cire m da h da u da r, kamar yadda b da d da c da e suke fitowa daga o. Da waɗannan huɗun sun zauna, harafi na biyar da za ki zana shi ne a, domin ki duba kowace jimlar Hausa ki ga yadda a ta mamaye ta. Idan a ɗinki ta yi muni, duk fostar ta yi muni, komai kyan sauran haruffan.

Daga nan sai ki shiga haruffa masu ƙugiya, kuma a nan nake so ki fi ba da ƙarfi. Mafi yawan haruffan ado da ake saukewa a intanet ba su da ɓ da ɗ da ƙ ko kaɗan, shi ya sa za ki ga allon shago an rubuta "kofa" a wurin "ƙofa", ko kuma an ɗana wata ƙugiya da hannu wadda ba ta dace da jikin harafin ba. Matsalar tsohuwa ce, har ta kai ga a shekarun 1980 aka tsara wani salon haruffa na musamman don harsunan Najeriya, wanda shahararren mai zana haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a cikinsa. Ke da kika tashi da waɗannan haruffa a bakinki kin fi mai zane na wata ƙasa sanin yadda ya kamata su kasance, saboda haka ki zana su tun farko tare da b da d da k, kada ki bari sai daren miƙa aiki. Kaurin ƙugiyar ya bi kaurin lanƙwasar f ɗinki, kuma ta fito sosai yadda mai karatu daga nesa zai bambance "ɓari" da "bari". Ki lura kuma ƙugiyoyin ba wuri ɗaya suke kallo ba: ta Ɓ da ta Ɗ a hagu take, ta Ƙ tana kan hannun dama na sama, ta ɗ kuwa tana leƙawa dama ta hau kan harafin da ke biye da ita, don haka ita ce ta fi yin karo da maƙwabta. Ki haɗa da Ƴ da ƴ ko da a Najeriya 'y muke rubutawa, domin ga Nijar nan kusa da ku, kuma su da ƴ suke amfani.

Ga lissafin aikin. Manyan baƙaƙe da ƙanana 52 ne, har da p da q da v da x, waɗanda sunaye da kalmomin aro za su buƙata. Lambobi 10, masu ƙugiya 8, jimilla 70. Sai alamomin rubutu, da alamar Naira ₦, wadda babu fostar talla da za ta yi ba ita. Sai kuma waƙafin sama da ke cikin "ma'ana" da "'ya'ya", wanda kwamfuta take da shi iri-iri, akwai miƙaƙƙe akwai lanƙwasasshe, kuma Word yakan sauya na farko zuwa na biyu da kansa, saboda haka dole ki zana duka biyun. Idan kin ga lokaci zai ƙure, ki nemi izinin malaminki ki tsaya a manyan baƙaƙe kaɗai, domin haruffan take da yawa haka suke, kuma da haruffa 80 masu rawa gara 45 da suka zauna daram.

Batun manhaja kuwa, FontForge kyauta ce, wani mai suna George Williams ne ya fara rubuta ta, kuma tana aiki a tsohuwar kwamfuta mai Windows ba tare da wahala ba. Fuskarta ba ta da kyan gani, kuma takan rufe kanta ba sallama, don haka ki riƙa adana aiki a kai a kai, ki kuma ajiye kwafi a filashi, musamman da yake wutar lantarkinmu ba ta da alƙawari. Glyphs da ƙwararru da yawa suke yabo a kwamfutar Mac kaɗai take aiki, FontLab kuma ta kuɗi ce. Idan hannunki ya fi sabawa da Inkscape, wadda ita ma kyauta ce, kina iya zana haruffan a can ki adana su a SVG, wani nau'in fayil ɗin zane, ki shigo da su FontForge ɗaya bayan ɗaya. Ki ɗauki hoton zanenki na takarda ki sa shi a baya ki bi da hannu. Akwai hanyar da manhaja take bin hoton da kanta, amma a jikin layin harafi tana zubo ɗigo ɗari a inda takwas za su isa, kuma gyaran wannan ɓarnar ya fi sake zanen cin lokaci.

Layukan harafi a kwamfuta ana yin su ne da ɗigo da hannayen da ke jan lanƙwasa, tsarin da ke ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa. Ƙa'idar ita ce ki sa ɗigo a ƙarshen sama da ƙasa da dama da hagu na kowace lanƙwasa, hannayen kuma su miƙe a tsaye ko a kwance, ta yadda O za ta tashi da ɗigo huɗu a waje da huɗu a ciki. Zagayen ciki dole ya bi kishiyar hanyar da na waje ya bi, in ba haka ba cikin harafin zai cike da baƙi. Filin da ake zana kowane harafi an raba tsayinsa gida 1000 a al'adar OpenType, ko 2048 a al'adar TrueType, wato nau'o'in fayil ɗin salon haruffa guda biyu, kuma a irin wannan ma'auni za ki rubuta dokokinki, misali kaurin sanda kaza, tsayin manyan baƙaƙe kaza, ki manna takardar a gabanki. Wani abu da ido kaɗai ke ganewa shi ne O da ta tsaya daidai kan layi ɗaya da H za ta yi kamar ta fi ta ƙanƙanta, don haka ana barin haruffa masu zagaye su ɗan zarce layin sama da na ƙasa kaɗan.

Rabin lokacinki ki ware shi ga tazara, domin a nan ake gane aikin ɗan koyo. Ki fara daidaita filin dama da hagu na n da o ta hanyar buga "nnonoo" har ki ga farin da ke tsakanin haruffa ya yi daidai da farin da ke cikinsu, sannan ki raba wa sauran haruffa wannan awo. Sai bayan haka za ki gyara haruffa biyu-biyu da ke barin giɓi, irin su "Ta" da "Ya" da "Wa". Ki gwada da kalmominmu, irin su ɗanɗano, ƙwanƙwasa, ɓaɓɓake, tsattsauran, Daurama, Kusugu, ki buga su manya a takarda, ki liƙa a bango, ki ja baya taku goma. Idan da hali ki kai wa mai rubuta allunan shaguna ko mai rubutun bayan manyan motoci ya duba, domin waɗannan mutanen sun shekara suna auna tazara da ido, kuma za su nuna miki harafin da ya karkace kafin malaminki ya gani.

TAMBAYA: Malam, ni daga Ƙofar Ƙaura nake a cikin Katsina. Na gama zana haruffana har da masu ƙugiya, amma da na buga "ƙasa" a Word sai ƙ ta fito da wani salo daban, a wurin mai ɗab'i kuma sai ta fito akwati. Me ya jawo haka?

AMSA: Ɗan'uwa, kusan tabbas ka ajiye haruffan ne a gurbin da ba nasu ba. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, kuma kwamfuta lambar take nema, siffar ba ta dame ta ba. Idan ta nemi lambar ƙ a cikin fayil ɗinka ta tarar babu komai, sai ta aro daga wani salon, wanda shi ne abin da ka gani a Word, ko ta nuna akwati idan ba ta samu inda za ta aro ba. Ga gurabun: Ɓ tana U+0181, ɓ tana U+0253, Ɗ tana U+018A, ɗ tana U+0257, Ƙ tana U+0198, ƙ tana U+0199, Ƴ tana U+01B3, ƴ tana U+01B4, alamar Naira kuma U+20A6. Ka lura ɓ da ɗ suna nesa da manyansu, a wani rukuni daban, kuma a nan mutane suka fi ɓata. Wasu sukan ɗora ƙ a gurbin q don sauƙin bugawa. Wannan dabara tana aiki a kwamfutarka kaɗai, da zarar an sauya salo sai "ƙasa" ta koma "qasa", kuma mai neman kalmar a cikin rubutun ba zai same ta ba.

Bayan ka gyara, ka cire tsohon fayil daga Windows kafin ka sa sabo, ka rufe Word ka sake buɗewa, domin kwamfuta takan riƙe tsohon idan sunansu ɗaya. Game da mai ɗab'i kuwa, salon haruffanka ba ya cikin kwamfutarsa sai idan ka ba shi. Mafi sauƙi ka kai masa aikin a PDF, ko kuma idan da CorelDRAW kake aiki ka zaɓi rubutun ka danna Ctrl da Q, wanda zai mayar da haruffan zane, amma ka ajiye kwafin asali domin bayan haka ba a iya gyara kuskuren rubutu.

TAMBAYA: Malam, waya kaɗai gare ni. Zan iya yin aikin da ita? Kuma ya halatta in ɗauki salon da ake da shi in ɗan sauya shi in miƙa?

AMSA: Da waya za ka iya kai wa wani mataki. Shafin Calligraphr yana ba da takarda mai gidaje da za ka buga, ka cike da hannu, ka ɗauki hotonta, ya mayar maka da ita fayil ɗin salon haruffa, kuma manhajar waya ta PixelLab da masu zanen fosta suke amfani da ita tana karɓar fayil ɗin TTF, wato na TrueType. Amma tsarin kyauta na shafin yana da iyakar yawan haruffa, kuma gyaran ɗigo da tazara irin wanda na bayyana a sama yana buƙatar kwamfuta, ko da ta aro ce ko ta shagon buga takardu. Ka sani kuma salonka ba zai bi saƙon WhatsApp zuwa wayar wani ba, domin lambobin haruffa kaɗai ake aikawa, wayar mai karɓa ce take zaɓar siffar da za ta nuna.

Tambayarka ta biyu tana da fuska biyu. Ta fuskar doka, salon da ya zo da Windows ko wanda aka saya yawanci lasisinsa ya hana a sauya shi a rarraba. Waɗanda ke ƙarƙashin lasisin OFL na SIL, wata ƙungiya mai aiki a kan harsuna, kuma mafi yawan waɗanda ake saukewa a shafin Google Fonts haka suke, an yarda a sauya su, da sharaɗin sabon ya ci gaba da zama a ƙarƙashin lasisin, kada a sayar da fayil ɗin shi kaɗai, kuma idan mai shi ya keɓe sunan to a sauya suna. Ta fuskar makaranta kuwa, an ce ka ƙirƙira ne, don haka miƙa aikin wani da ɗan kwaskwarima satar fasaha ce ko da lasisi ya yarda, sai fa idan ka faɗa wa malaminka tun farko cewa aikinka shi ne ƙara wa wani salon haruffan Hausa, ya kuma amince. Abin da babu laifi a cikinsa shi ne ka buɗe salon haruffa irin su Charis da Andika na SIL a FontForge ka ga yadda aka zana ƙugiyoyinsu da inda aka sa ɗigo, idan kuma ajami ne ya ja hankalinka ka duba Alkalami, wanda SIL ta tsara bisa salon rubutun hannu na Kano, sannan ka rufe su ka koma kan takardarka.