Ƙawayena sun daina cin abinci da ni saboda na ƙi sa kuɗin satar amsa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar aji shida ce a wata makarantar kwana ta 'yan mata. Mu shida ne ƙawaye tun daga aji ɗaya, kwano ɗaya muke ci, garin kwakinmu da sukari ma a akwati ɗaya suke. Da jarrabawar WAEC ta matso, sai ɗayarmu ta zo da maganar wani da ke turo amsa ta WhatsApp da daddare kafin a shiga jarrabawa. Kowa za ta ba da naira dubu biyar, akwai kuma wayar da aka ɓoye a ɗakin kwana. Na ce ba da ni ba. Tun ranar suka juya mini baya. Ina shiga ɗaki sai a yi tsit, wata ta ce "ga ustaziya nan". Ni kaɗai nake cin abinci yanzu. Anti, in ba da kuɗin ne kawai a zauna lafiya, ba sai na duba amsar ba? Ko in kai su ƙara wajen shugabar makaranta? Wallahi karatun ma ya daina shiga.

Wata ɗaliba, daga Jihar Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki ba da ko sisi.

Ki yi lissafin da kanki. Mutum biyar sun haɗa dubu ashirin da biyar, rashin dubu biyar ɗinki ba zai hana cinikin tafiya ba. To me ya sa suka ɗaga hankali haka? Tsoronki suke ji. Ke kin san sirrin, hannunki kuma babu a ciki. Ranar da kika miƙa kuɗin nan bakinki ya rufu, abin da suke nema ke nan. Maganar "in biya amma ba zan duba ba" kuwa, ki bar yaudarar kanki. Idan aka kama wayar, sunayen waɗanda suka biya za a bi, babu mai tambayar wa ya karanta wa bai karanta ba. Sannan wadda ta kasa cewa a'a da rana tsaka, da wuya ta iya kau da kai ƙarfe sha biyun dare, ana gobe Lissafi, ga amsa na yawo daga gado zuwa gado.

Bari in gaya miki abin da mai turo amsar ba zai gaya musu ba. Na yi aikin duba takardun jarrabawa a shekarun da nake koyarwa. Ba amsar da ta yi daidai ke tona asiri ba, kuskure ne ke tonawa. Idan ka ga takardun ɗalibai a jere sun rubuta kalma ɗaya ba daidai ba, a layi ɗaya, sun kuma tsallake mataki ɗaya a lissafi, ba ka buƙatar boka. Rahoto ake rubutawa, hukuma ta riƙe sakamakon, wani lokaci ta soke darasin, wani lokaci ta soke duka. A 2025 WAEC ta fara sassauya jerin tambayoyin zaɓi a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Tattalin Arziki, ta yadda lamba ta ɗaya a takardarki ba lallai ita ce lamba ta ɗaya a takardar ta kusa da ke ba. Wadda ta haddace "ɗaya A, biyu C" ta shiga uku. Da yawa cikin masu sayar da amsar ma 'yan damfara ne, tambayoyin shekarun baya suke tattarowa, su karɓi kuɗi su kashe waya.

Akwai kuma doka. Dokar satar jarrabawa ta 1999 ta tanadi tarar naira dubu 100 ko ɗaurin da zai iya kai shekara uku, ko duka biyun, ga wanda bai kai shekara 18 ba. Malami ko mai sa ido da aka samu da hannu a ciki, shekara huɗu ce babu zaɓin tara. A ce ma sun tsallake duk wannan, sun samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, JAMB na jiran su. Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, maki 400 ne, kowa da allonsa. A nan ne ake ganin mai A a Turanci ta kasa haɗa 150. Ta fuskar addini kuwa kin riga kin sani, Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, Muslim ne ya ruwaito.

Amma na san ba wannan ne ya hana ki barci ba. Cin abinci ke kaɗai a makarantar kwana, bayan shekara biyar da ɗoriya ana sa hannu a kwano ɗaya, abu ne mai ciwo, kuma manya muna yawan raina shi. Mu dai mu ce "rabu da su", kamar ana canza ƙawa yadda ake canza ɗankwali. Ni ba zan ce ki rabu da su ba.

Ki daina yi musu magana a taro. Mutum biyar idan suna tare, kowace tana kallon fuskar 'yar uwarta kafin ta buɗe baki. Ki nemi wadda kuka fi shaƙuwa, ku keɓe a wajen wanki ko hanyar masallaci, ki ce mata: "Ni ba zan sa kuɗi ba, ba kuma tonon asirinku ne a gabana ba. Tsoron a riƙe mana sakamako nake ji." Banda wa'azi, banda nuna kin fi su tsoron Allah, shi ne zai ƙara tabbatar musu da sunan da suka laƙa miki. Zan yi mamaki idan a cikin biyar ɗin nan babu wadda ta biya don kunya kawai. Ki ce mata kina bitar tambayoyin shekarun baya bayan sallar isha'i, duk mai so ta zo. Ko mutum ɗaya ta zo, kin samu abokiyar ci.

Maganar kai ƙara, kada ki fara da ofishin shugaba. A irin wannan lokaci kora ce za ta iya biyo baya, ke kuma a ɗaki ɗaya za ki ci gaba da kwana da su har a gama NECO. Sai dai shiru gaba ɗaya ma bai dace ba, domin idan abin ya fashe yana iya shafar ajinku duka, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ki sami malama guda da kika yarda da hankalinta, ki gaya mata akwai waya a ɗakin kwana kuma ana shirin amfani da ita, ba sai kin kama suna ba. Malamar da ta san aikinta za ta sa a yi binciken akwatuna na kowa da kowa, wayar ta tafi, babu wadda aka nuna da yatsa. Idan kuwa aka fara yi miki barazana ko taɓa kayanki, to nan kam ki faɗi sunaye.

Ranar ziyara ki gaya wa mahaifiyarki komai, tun kafin ta ji daga bakin wani. Ki roƙe ta ta sayo miki littafin tambayoyin baya na darussan da suka fi ba ki wuya, ta kuma raba miki kayan abincinki a akwatinki daban. A zauren jarrabawa, idan an sa ki kusa da ɗaya daga cikinsu, ki rufe takardarki da kyau. Allah ya ba da sa'a.