Tambaya da Amsa: Da gaske ana sa mutum barci ya farka ya tsani taba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Jekadafari, cikin garin Gombe, shekaruna 41. Tun ina yaron shago na fara shan taba sigari, yau shekara 19 ke nan. A rana nakan sha kara 12 zuwa 15, lokacin ɗinkin Sallah kuwa kwali guda ba ya kai ni asuba. Sau uku ina rantsuwa na bari, mafi daɗewa kwana 9 na yi. Uwargida ta gaji da magana, 'yata ƙarama kuma ta fara toshe hanci in na ɗauke ta. Kwanan nan ɗan yayata ya nuna mini bidiyo a YouTube, wani Bature yana yi wa mutane magana a hankali har su yi kamar barci, wai in sun farka ko warin taba ba sa so. Ya ce sunan abin hifnosis. Har ya samo wani da zai yi mini ta kiran bidiyo a WhatsApp, zama ɗaya, naira dubu 80. Abin nan gaskiya ne? Kuma ba sihiri ba ne? Daga wani tela, Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka bar dubu 80 ɗinka a aljihu mu gama magana tukuna.

Bari in fara da maganar sihirin, don na san ita ta fi tsaya maka a rai. Sunan hifnosis ya samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin barci, kuma wani likitan tiyata ɗan Sikotlan, James Braid, shi ya yaɗa shi a shekarun 1840. Kafin shi an yi wani Bajamushe, Franz Mesmer, wanda ya yi ta cin kasuwarsa a Faris yana cewa wani ɓoyayyen ƙarfi ke fita daga jikinsa ya shiga marasa lafiya. A 1784 sarkin Faransa ya kafa kwamitin masana suka bincike shi, suka ce babu wani ƙarfi, tunanin mara lafiyar ne ke aiki. Har yau a nan maganar ta tsaya.

Kuma ba barci ake yi ba. Za a zaunar da kai, a ce ka kafa ido wuri guda ko ka lumshe, ka sassauta numfashi, har hankalinka ya tattaru a kan muryar mai magana. Kai tela ne, ka san wannan halin. Ranar da kake fitar da aikin wuyan babbar riga, idonka na bin allura, aka yi maka sallama sau uku ba ka ji ba. Kusan haka abin yake. Kana jin abin da ake faɗa, kana iya tashi ka yi tafiyarka, kuma ba kowa ne ke nutsewa sosai ba. A cikin wannan natsuwar ake cusa maka magana. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Herbert Spiegel, ya fitar da tsarin da ya shahara a 1970, jimloli uku kacal: hayaƙin taba guba ne ga jikina, ina bukatar jikina don in rayu, kare shi haƙƙi ne a kaina. Babu turare, babu yanka, babu laya. Hukuncinsa a addini na malamai ne, ka kai musu wannan bayanin yadda yake. Amma duk wanda ya nemi sunan mahaifiyarka ko baƙar kaza, boka ne ya sayi waya.

To, yana aiki? Akwai wata ƙungiyar masana da ake kira Cochrane, aikinta tattara binciken likitoci ta auna su wuri guda. A 2019 ta duba bincike 14 a kan wannan hanyar, na mutane kusan 2,000, ta ce babu gamsasshiyar hujjar cewa ta fi nasihar ma'aikacin lafiya, ko ma ta fi mutum ya bari da kansa. Wasu sun bari, gaskiya ne, amma ai kullum ana samun masu bari. Bidiyon da ka gani ranar zaman ya nuna maka. Masu bincike sai bayan wata 6 suke ƙirga wanda ya bari.

Ni ma ba a baki na ji ba. Na sha taba shekara 11, kuma na gwada irin wanda ake saurara a waya. Dare uku ina kwanciya da abin saurare a kunne, wata mata tana ce mini huhuna na wankewa kamar ruwan sama ya sauka. Na yi barci mai daɗi, ba zan ci haƙƙinta ba. Safiya ta huɗu na zauna a teburin mai shayina kusa da Wunti a Bauchi, na kusa da ni ya ƙyasta ashana, hayaƙin ya biyo iska. Kafin shayina ya huce na aiki yaro wurin mai tebur. Ban ma san lokacin da na zaro kuɗin ba.

Abin da na fahimta daga baya shi ne igiya biyu ke ɗaure da mai shan taba. Ta farko nikotin, sinadarin da ke cikin taba, wanda ke isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa. In ka bari, jiki zai yi bore: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, yawan jin yunwa. Wannan ya fi tsanani a kwana 2 zuwa 3 na farko, sannan ya riƙa sauka cikin mako 2 zuwa 4. Ka ga kwana 9 ɗin da ka yi, ka riga ka haye mafi zurfin kogin. Abin da ya mayar da kai, ina kyautata zato, igiya ta biyu ce, wato sabo. Karan bayan tuwon dare, karan da ake kunnawa in an ɗauke wuta keke ya tsaya, karan da ake sha bayan mai kaya ya zo ya yi faɗa ya tafi. Ka zauna ka tuna ranar ta tara, a ina kake, da wa, me ya faru. (Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da ita kara-kara a Nijeriya, amma ni da kai mun san mai tebur bai ji labari ba, shi ya sa komawa ke da arha.)

Igiyar farko tana da magani na gaskiya. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na taimaka wa manya su bar taba, ta ambaci nikotin na mannawa a fata da na taunawa kamar cingam, da ƙwayoyin varenicline, bupropion da cytisine, tare da nasihar ma'aikacin lafiya. Na mannawa da na taunawa suna ƙara yiwuwar bari da kashi 50 zuwa 60 cikin 100. Ƙwayoyin kuwa sai likita ya rubuta, don bupropion, alal misali, ba a ba mai farfaɗiya. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ka faɗa wa likita adadin karan da kake sha ba tare da ragi ba, don da shi ake auna ƙarfin maganin.

Igiya ta biyu kuwa taka ce. Kada ka sa rana a tsakiyar ɗinkin Sallah, za ka sha kunya a banza. Ka bari kasuwa ta lafa, ka haɗa da azumin Sitta Shawwal, tunda ka saba yin awa 13 ko fiye ba ka zuƙa ba, sai dai ka yi tsaro da mintunan bayan buɗa-baki. Kwaɗayin in ya taso 'yan mintuna yake yi ya kwanta. Ni asuwaki ya cece ni, da canza mai shayi na wata biyu. Ka fitar da ashana daga aljihun keken ɗinki, ka gaya wa yaran shago kada wanda ya karɓi aikenka wurin mai tebur ko da ka yi tsawa.

In bayan wannan zuciyarka na son hifnosis, ba zan hana ka ba, yana iya taimaka maka wajen natsuwa. Sai dai ya zama ƙari a kan magani, a hannun ma'aikacin lafiya mai lasisi, kuma wanda ya taɓa samun taɓin hankali ya nisance shi sai da izinin likitansa. Mai yi maka alkawarin zama ɗaya an gama, kuɗinka yake kallo. Jimlolin Spiegel ɗin nan kana iya maimaita su da kanka bayan sallar asuba, kyauta.

Awa 12 bayan karan ƙarshe, gurɓatacciyar iskar da hayaƙi ke zuba wa jininka za ta koma daidai. Tari na iya ƙaruwa a makonnin farko, kada ka tsorata, ƙirji ne ke fitar da majina. Ka ba uwargida rigunanka da hulunanka a wanke tas, sannan ka ɗauki 'yarka. Ka rubuto mini bayan wata guda, ka faɗa mini ranar da ta fi wuya da inda kake zaune a lokacin.