Tambayoyinku kan sikila da lissafin ɗaya cikin huɗu

Tambaya: Likita, ni da maigidana duk AS ne. An ce ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ne ke zuwa da sikila, amma mu cikin huɗu biyu SS ne. Gwajin ne ya kuskure? Daga wata uwa a Azare.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba yaran lafiya. Abin da ya same ku bai saɓa wa gwajin ba. Ɗaya cikin huɗun nan a kan kowane ciki yake, kuma ciki bai san abin da na gabansa ya haifar ba. Idan ka tara iyalai 100 masu 'ya'ya huɗu, iyayen duk AS, kusan 32 ba za su samu mai sikila ko ɗaya ba, kusan 26 kuma za su samu biyu ko fiye. Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa tunda na fari ya zo da ita, uku na baya sun tsira. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma ya jefa gidaje da yawa cikin jinya.

Tambaya: To ta yaya masana suka tabbatar da wannan lissafi? Daga wani ɗalibi a Kashere.

Amsa: Da yawan ƙirga. Gregor Mendel, wanda ya wallafa bincikensa a 1866, ya ƙirga ƙwayoyi 7,324 na wani nau'in wake, 5,474 masu santsi, 1,850 masu tamoji. Masu tamojin su ne ɗaya cikin huɗun a nan. Da uku da ɗaya ne cif, da an samu 5,493 da 1,831, tazarar 19 ke nan. A 1900 Karl Pearson ya fito da gwajin kai-sukweya, mai auna ko irin wannan tazara dace ce kawai. A nan yana ba da 0.26, alhali sai ya haura 3.84 ake fara zargin lissafin. Amma gwajin yana son abin da ake tsammani a kowane rukuni ya kai 5, wato 'ya'ya 20 aƙalla, shi ya sa ba a yanke hukunci da gida ɗaya.

Tambaya: Ni AA ne, matata AS, amma an ce ɗanmu SS ne. Hankalina ya tashi. Daga wani magidanci a Dukku.

Amsa: Malam, don Allah kada ka zargi iyalinka. Gaskiya ne AA da AS ba sa haifar SS, amma sakamakon gwaji yakan zo da kuskure, musamman idan an yi wa mutum ƙarin jini cikin watanni uku kafin gwajin. Akwai kuma talasimiya, wata cutar jini ta gado, wadda mai ɗauke da ita kan fito kamar AA, ɗansa kuma kamar SS. Ku ukun ku sake gwaji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ku ga likitan jini. Yaron kuma a fara kula da shi tun yanzu, ya riƙa shan ruwa sosai, yana kwana cikin gidan sauro, da zarar ya yi zazzaɓi a kai shi asibiti.